Wace rana ce ta fi girma a tarihin besbol?

Kawu Sule (Bronx):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda kakar besbol ta buɗe, ina so mu tattauna wani abu: a duk tarihin wasan nan, wace rana kuke ganin ta fi cancanta a riƙa tunawa da ita? Zan fara da tawa. 8 ga Afrilu, 1974, a Atlanta, daren da Hank Aaron ya buga homran na 715 ya wuce Babe Ruth mai 714.

Dalilina ba bugun ba ne kaɗai, abin da mutumin ya sha kafin ya kai ga bugun ne. Aaron ya gama kakar 1973 da 713, saura ɗaya ya kamo Ruth. Ke nan sai da ya yi wata shida yana jira, duk ƙasar ta san abin da ke tafe. A shekarar 1973 wasiƙun da aka aiko masa sun kai wajen 930,000. Da yawa na fatan alheri ne, amma akwai tulin na zagi da na barazanar kisa, don kawai baƙar fata zai karya tarihin Bature. Sai da aka haɗa shi da mai gadi ɗauke da bindiga, 'yarsa da ke jami'a ma aka sa mata tsaro. Ran 4 ga Afrilu a Cincinnati, karon farko da ya kaɗa sanda a kakar, ya buga na 714. Bayan kwana huɗu, a gaban mutum 53,775, Al Downing na Dodgers ya jefo masa, shi kuwa ya aika ƙwallon bayan katanga. Ku nemi bidiyon ku kalli fuskarsa yayin da yake zagaye. Babu tsalle, babu ihu. Fuskar wanda aka sauke wa kaya ce.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam Kawu. Don Allah kafin a yi nisa a taimaka wa irinmu 'yan ƙwallon ƙafa. Yaya ake cin maki a wasan nan? Na sha gani a talabijin, amma sai in ga mutane a tsaitsaye kawai.

Abba (Osaka):
Ɗan Kurna, ga shi a taƙaice. Ƙungiya ɗaya tana jifa tana tsaron fili, ɗaya tana bugu. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya doke shi da sanda ya ruga. Akwai tashoshi uku sannan gida. Duk wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu jifa su koma bugu. Kowane ɓangare ya yi haka, zango ɗaya ke nan, kuma zango tara ake yi. Homran shi ne ka doki ƙwallon ya tsallake katangar can ƙarshen fili, ka zagaya a tsanake, duk wanda ke kan tasha ma ya shigo gida. Babu agogon tashi. Sai an fitar da mutumin ƙarshe ake tashi, shi ya sa ba a fid da rai.

Maman Fadila (Atlanta):
Kawu Sule, na goyi bayanka. An rushe wancan filin tun 1997, amma shekaru da yawa bayan haka an bar alamar wurin da ƙwallon ya tsallake, wani ɓangaren katanga da aka rubuta 715 a jiki, a tsakiyar wurin ajiye motoci. Na kai yarana sun gani. Abin da ya fi taɓa ni a bidiyon shi ne mahaifiyarsa. Da ya iso gida ta rungume shi ta ƙanƙame, ta ƙi saki. Duk uwar da ta san ana aiko wa ɗanta wasiƙar kisa ta san ma'anar wannan riƙon. Kuma ku lura da samarin nan biyu Turawa da suka diro fili suka bi shi a guje tsakanin tasha ta biyu da ta uku. Murna suka zo taya shi, amma a wannan daren wa ya san nufinsu? Mai gadinsa yana cikin 'yan kallo da bindiga. Allah ne ya kiyaye.

Malam Tijjani (Zariya):
Kawu, da girmamawa, ban yarda ba. Aaron ya shiga ta ƙofar da wani ya buɗe ne. Ranar ita ce 15 ga Afrilu, 1947, a Ebbets Field da ke Brooklyn, lokacin da Jackie Robinson ya tsaya a tasha ta farko sanye da rigar Dodgers mai lamba 42. Kafin wannan rana an shafe sama da shekara sittin babu baƙar fata a manyan lig, tun zamanin Moses Fleetwood Walker a 1884. Ba wata doka ce a rubuce ba, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki.

Ku duba shekarar da kyau. A 1947 ba a haɗa baƙi da farare a rundunar sojan Amurka ba tukuna, umarnin hakan sai 1948 ya fito. Hukuncin kotun ƙoli kan wariya a makarantu sai 1954. Rosa Parks sai 1955. Robinson ya riga su duka, kuma ya yi nasa ne kullum a gaban dubban mutane, wasa bayan wasa, gari bayan gari.

Abin da mutane ba su cika sani ba, shi ba mai sanyin hali ba ne. A 1944 yana soja a Texas direban bas ya ce ya koma kujerar baya, ya ƙi, har aka gurfanar da shi a kotun soja, aka wanke shi. Irin wannan mutumin ne Branch Rickey, shugaban Dodgers, ya ce wa sharaɗin ɗaukarsa shi ne kada ya rama, ko an zage shi ko an buge shi. Kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya tsaya a bakin fili yana ta ɗura masa ashar na wariya. A watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis ya taka masa ƙafa da ƙusoshin takalmi. Otal-otal sun ƙi ba shi ɗaki tare da abokan wasansa. Ya haɗiye duka, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar, a 1949 kuma ya zama gwarzon lig ɗinsa baki ɗaya. Da ya gaza, ko ya ɗaga hannu sau ɗaya, da an ce ga shi nan, mun faɗa muku.

Kawu Sule (Bronx):
Malam, babu mai ja da girman Robinson. Kowace 15 ga Afrilu duk ɗan wasa a lig lamba 42 yake sawa, kuma tun 1997 aka jingine lambar a duk ƙungiyoyi. Mariano Rivera namu na Yankees shi ne na ƙarshe da ya sa ta a matsayin tasa, har ya yi ritaya a 2013. Amma ga inda nake: a ranar farkon nan Robinson bai samu bugu ko ɗaya ba. Ranar tana da girma saboda ya tsaya a filin. Ta Aaron kuwa wasan da tarihin sun haɗu a daƙiƙa guda. Kuma shekara 27 bayan an ce an buɗe ƙofa, ga baƙar fata yana yawo da mai gadi don ya iya wasa. Wannan ya nuna mini buɗe ƙofa daban, yarda a fi ka daban.

Malam Tijjani (Zariya):
Wannan magana ta ƙarshe na karɓe ta, Kawu. Boston Red Sox ma sai 1959 suka sa baƙar fata na farko, shekara 12 bayan Robinson. Shi kansa a watan Oktoba na 1972, a filin World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, a Cincinnati, idonsa ya kusa mutuwa saboda ciwon suga, ya ce ba zai gama jin daɗi ba sai ya ga baƙar fata yana jagorancin ƙungiya. Bayan kwana tara ya rasu, yana da shekara 53. Sai 1975 Frank Robinson ya zama koci a Cleveland. Duk da haka ina nan a kan 1947. Kuma a riƙa tunawa da Larry Doby, wanda ya shiga ɗayan manyan lig biyun, wanda Robinson ba ya ciki, a Cleveland ran 5 ga Yuli na wannan shekarar. Irin wahalar da Robinson ya sha shi ma ya sha, amma ba a cika kiran sunansa ba.

Alhaji Direba (Chicago):
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma gaskiya kuka faɗa. Amma tambayar Kawu ta wasa ce, ku bar ni in kawo wasa. 2 ga Nuwamba, 2016, wasa na bakwai na World Series, Cubs da Cleveland. Rabon Cubs da kofi tun 1908. Shekara 108. An haifi mutane a garin nan, sun tsufa, sun mutu, ba su gani ba. Wasu har suna danganta abin da bakin wani mai akuya da aka kora daga fili a 1945, wanda ni dai camfi na ɗauke shi.

Cleveland ta ci wasa uku cikin huɗun farko, Cubs suka farfaɗo suka kai shi na bakwai. A zango na takwas muna gaba da 6 da 3, saura mutum huɗu a fitar. Sai aka ci mu ɗaya, sannan Rajai Davis, wanda ba a san shi da ƙarfin bugu ba, ya ɗauke jifar Aroldis Chapman ya tsallakar da ita. 6 da 6. Ina cikin mota a lokacin da fasinja, wani dattijo, rediyo a kunne. Ya ce in tsaya a gefen titi, ba zai iya sauka ba sai an tashi. Na kashe mita muka zauna. Bayan zango na tara sai ruwan sama ya sauko, aka ja tamfol aka rufe fili na minti 17. A wannan tsakanin Jason Heyward ya tara abokan wasansa a wani ɗaki ya yi musu magana. Da aka dawo Ben Zobrist ya buga, Miguel Montero ya ƙara, 8 da 6. Davis ɗin nan ya sake rage ɗaya. Na ƙarshe, ƙwallo ya gangaro wa Kris Bryant, ya jefa wa Anthony Rizzo, shi kuma ya cusa shi a aljihun baya. Dattijon nan kuka ya yi ta yi yana kiran sunan mahaifinsa. A kwanakin mutane suka cika bangon Wrigley Field, filin Cubs, da alli, kowa yana rubuta sunan nasa da ya rasu bai ga ranar ba.

Maman Fadila (Atlanta):
Allah sarki, Alhaji. Wannan ya taɓa zuciya. Amma ka tuna da mutanen Cleveland su ma. Rabonsu da kofi tun 1948.

Ɗan Kurna:
To ai in dai dogon jira ne da farfaɗowa, na taɓa jin labarin Boston a 2004. Kawu, kai da kake Bronx, ba mu labari.

Kawu Sule (Bronx):
Ɗana, ka taɓo inda ke ciwo, amma zan faɗa don gaskiya ce. Boston ta sayar wa Yankees Babe Ruth a ƙarshen 1919 kan dala 100,000. Daga kofinsu na 1918 ba su sake ɗauka ba sai bayan shekara 86. A 2004 mun haɗu da su a matakin kusa da ƙarshe, wanda ya fara cin huɗu ya wuce. Mun ci uku a jere, na ukun ma 19 da 8. A na huɗu muna gaba da 4 da 3 a zango na tara, Rivera ne ke jifa. Sai suka sako Dave Roberts a tasha ta farko don gudu kawai. Duk filin an san satar tasha zai yi, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, Rivera ma ya sani, har sau uku yana jefa ƙwallo can don ya tsare shi. Duk da haka ya sata, da ƙyar. Aka buga ya shigo gida, David Ortiz ya gama da mu a zango na 12. Suka ci huɗu a jere. Ba a taɓa yin haka ba a manyan lig na Amurka, har yau kuma ba a sake ba. Washegarin wasan ƙarshe jirgin ƙasa mai lamba 4 da ke wucewa ta gefen filinmu tsit yake.

Abba (Osaka):
Iyayena, duk labaranku na Amurka ne, alhali wasan ya daɗe da wuce nan. A Japan an yi lig na ƙwararru tun 1936, kuma Sadaharu Oh na Yomiuri Giants ya buga homran 868. Tawa ranar ita ce wasan ƙarshe na gasar ƙasashe ta 2023 a Miami, Japan da Amurka. Japan na gaba da 3 da 2, zango na tara, saura mutum ɗaya. Mai jifa Shohei Ohtani, mai bugu Mike Trout, kuma a lokacin ƙungiyarsu ɗaya, Angels. A nan safiya ce, ranar aiki, amma a ɗakin bincikenmu babu wanda ya taɓa komai, har farfesa ya zo ya tsaya a bayanmu. Ohtani ya yi ta aiko masa jifa mai gudun kilomita 160 a awa, lissafi ya cika, saura jifa ɗaya ta raba gardama. Sai ya sako wadda ke lanƙwasa ta guje wa sanda. Trout ya kaɗa ya sami iska. Ohtani ya cire safar hannu da hula ya yi jifa da su.

Kuma mutumin nan shi ne a 19 ga Satumba, 2024, ya zama na farko da ya haɗa homran 50 da satar tasha 50 a kaka ɗaya. A ranar sau shida ya tsaya bugu, sau shida ya samu, uku daga ciki homran. Tun Babe Ruth ba a ga wanda ya haɗa jifa da bugu haka ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Ni ba na bin wasan sosai, amma akwai sunan da ban ga an kira ba, Roberto Clemente na Pittsburgh, ɗan Puerto Rico. Ran 30 ga Satumba, 1972, ya yi bugunsa na 3,000 cif. Ran 23 ga Disamba girgizar ƙasa ta rusa Managua, babban birnin Nicaragua. Ya tara kayan agaji ya aika, sai labari ya zo masa cewa jami'an gwamnatin Somoza suna karkatar da kayan. Ya ce to zai raka na gaba da kansa, ya ga wanda zai taɓa su a gabansa. Daren 31 ga Disamba jirgin, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga San Juan. Ba a ga gawarsa ba. Abokin wasansa Manny Sanguillén bai je taron addu'a ba, ya tafi bakin tekun yana nutso yana nemansa. Shekararsa 38. Mu da muka san yadda kayan agaji ke ɓacewa a hanya kafin su kai ga mai yunwa, wannan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Malam Tijjani (Zariya):
Madalla da ka kawo shi. Saboda shi aka ɗage ƙa'idar jiran shekara biyar, aka sa shi a zauren gwaraza na Cooperstown a 1973.

Ɗan Kurna:
Kawu, na je na duba, na ga ai an karya tarihin Aaron ɗin. Barry Bonds yana da 762, Aaron 755. Me ya sa ba wanda ya zaɓi ranar Bonds?

Kawu Sule (Bronx):
Saboda zargin ƙwayoyin ƙara kuzari, ɗana. Bonds ya buga na 756 ran 7 ga Agusta, 2007, a San Francisco. A garinsu an yi murna, a sauran wurare an yi ta yi masa ihu duk kakar. Mutumin da bai taɓa kai 50 a kaka ba sai ga shi da 73 a 2001, yana da shekara 37 a ƙarshen kakar. Aaron kuwa bai taɓa wuce 47 ba, tarawa ya yi a hankali shekara 23. Ka cire duk homran ɗinsa 755, har yanzu yana da bugu sama da 3,000. A wurina sarkin homran Aaron ne.

Alhaji Direba (Chicago):
A nan kam zan saɓa maka, Kawu. Ba na wanke Bonds, amma munafuncin ya yi yawa. Bayan yajin aikin 1994 da ya sa aka soke World Series, mutane sun juya wa wasan baya. Me ya dawo da su? Tseren Mark McGwire da Sammy Sosa namu a 1998, ɗaya 70, ɗaya 66. Masu ƙungiyoyi sun ga jikin mutanen nan yana kumbura, suka yi shiru suna ƙirga kuɗin tikiti. Sai da asiri ya tonu aka tattara laifin aka ɗora wa 'yan wasa. Bonds ya zama gwarzon lig sau uku tun kafin a fara zarginsa. A 2004 sau 120 ana ba shi tasha da gangan don tsoron jefa masa. Amma a ƙuri'arsa ta ƙarshe ta shiga zauren gwaraza a 2022 ya samu kashi 66, ana neman 75. Su kuma Houston Astros da aka tabbatar sun saci alamun jifa, wato ishara da hannu da ake yi wa mai jifa kan irin jifar da zai yi, da kyamara a 2017, suna buga kwandon shara don sanar da mai bugu, an ci tarar ƙungiyar dala miliyan 5, ba a hukunta ɗan wasa ko ɗaya ba, kofin yana hannunsu. Ina adalcin?

Maman Fadila (Atlanta):
Alhaji, laifin wani ba ya wanke na wani. A hukunta Astros, na yarda, amma hakan bai mai da 762 mai tsabta ba. Abin da na riƙe a daren Bonds shi ne Aaron da kansa ya aiko da saƙon bidiyo aka nuna a babban allon fili yana taya shi murna. Bai je ba, amma bai hana shi gaisuwa ba. Kuma in ana maganar lissafin da ba a yi wa adalci ba, a fara da Josh Gibson.

Ɗan Kurna:
Anti, wane ne shi kuma?

Malam Tijjani (Zariya):
Bari in amsa maka. Da aka hana baƙaƙe shiga manyan lig, sai suka kafa nasu, Rube Foster ya jagoranci kafa na farko mai ɗorewa a 1920. Gibson mai cafke ƙwallo ne a Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords, kuma duk wanda ya gan shi ya ce ba a yi mai ƙarfin bugu irinsa ba. Ya rasu a watan Janairu na 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga Ebbets Field. A Disamba 2020 hukumar besbol ta amince cewa waɗancan lig na 1920 zuwa 1948 manyan lig ne, a 2024 kuma aka haɗa alƙalumansu da na kowa. Nan take Gibson ya hau kan Ty Cobb, Baturen da ke riƙe da tarihin, a kason samun bugu, 372 cikin dubu da 367 cikin dubu. Aaron ɗin Kawu ma a can ya fara, a Indianapolis Clowns a 1952.

Alhaji Direba (Chicago):
Malam, ina murna da an tuna da su. Sai dai wasanninsu na lig ba su kai yawan na su Cobb ba, kuma ba duk takardun sakamako aka samu ba. Cobb ya tsaya bugu sama da sau 11,000. Anya haɗa lissafin bai zama son kai ba?

Malam Tijjani (Zariya):
Alhaji, ƙarancin wasannin ba su suka zaɓa ba. Filaye aro suke yi daga ƙungiyoyin Turawa, sai ranar da masu fili ba sa nan, sauran kwanakin suna kan hanya a bas suna wasa da duk garin da zai biya su. Sannan tambayar tana da baki biyu. Cobb da Ruth ba su taɓa fuskantar baƙar fata mai jifa a wasan lig ba, amma ba wanda ya ce a sa wa nasu lissafin alamar tambaya. In kana son ma'auni, ga Satchel Paige. Sai a 1948 aka bar shi ya shiga, yana da shekara 42, lokacin da sa'o'insa sun daɗe da ajiye wasa. A rabin kaka ya ci wasa shida ya faɗi ɗaya, Cleveland ta ɗauki kofi. A 1965 Kansas City ta sake fito da shi yana da shekara 59, ya yi zango uku da Boston ba a ci shi maki ko ɗaya ba, mutum ɗaya tak ya samu bugu a kansa, Carl Yastrzemski.